Sanda ta Goma Sha Biyar

Jama'a, ku gyara zama, don ni kaina da nake rubuta muku wannan har yanzu mamaki nake yi. Masu turo mini saƙo kuna tambaya, "Tegan, wai da gaske ke ce?" ku yi haƙuri, ba zan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba. Ga yadda abin ya faru, daga bakin mai ita.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Tegan, ina koyarwa a makarantar raino a kudancin Melbourne, kuma kafin watan jiya ba wanda ya san da zamana a duniya sai yaran da nake share wa hanci. Saurayina Hamish ɗan tsibirin Tasmaniya ne, iyayensa masu kiwon shanun madara, sana'arsa golf, wasan nan na buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Lokacin da muka haɗu motarsa sai an tura take tashi, kuma ni nake turawa. In ya zo gidanmu Mama ko kai ba ta ɗagawa. "Mai bin ƙwallo a ciyawa ya iso," haka take sanar da ni. Mama ta tsani golf tun zamanin marigayi Babana, ta ce wasan ya cinye mata duk wata Asabar ta aurenta. Ko doka ɗaya ta wasan ba ta taɓa yarda ta koya ba.

Kwatsam, a wata ƙaramar gasa, Hamish ya buga ƙwallo daga bayan bishiya, ta yi kwana a iska kamar an aike ta, ta faɗa rami. Wani ya ɗauka a waya. Kafin ka ce kwabo wani gidan talabijin ya ɗauki Hamish ya ɗora a ka. Babban kofin bazara ya matso, a filin da ke bayan unguwarmu za a yi shi, kuma an daɗe baƙi ne suke zuwa su ɗauke shi su hau jirgi. Sai aka ce ga wanda zai share wa ƙasa hawaye. Aka raɗa masa suna Yarima. Fuskarsa a jikin bas, fuskarsa a kwalin madara, har hotonsa aka haɗa yana rungume da kofin da ko taɓa shi bai yi ba. Wata jarida kuma ta raba kambin takarda mai ruwan zinare, wai kowa ya sa ranar ƙarshe.

Shi kuwa bawan Allah ya sha gaya mini, "Tegan, mutum fiye da ɗari ne ke shiga, ɗaya ke ci. Gwanin gwanaye ma faɗuwarsa ta fi cinsa yawa. In na zo cikin goman farko rawa zan taka." Amma wa zai faɗi wannan a talabijin? Ba ya sayuwa. Safe da yamma masu sharhi cewa suke an gama, sai dai a zo a miƙa kofi. Mai gyara mana famfo ya ce an gama. Maƙwabciyarmu da ba ta san ta ina ake riƙe sanda ba ta ce an gama. Ni dai ban saki jiki ba, don in ganga ta cika zaƙi kowa ya san abin da ke biyo baya.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Mama. Dare ɗaya "mai bin ƙwallo" ya koma "ɗana Hamish". Ta rantse ba zai kwana a otal ba tana raye. Ta gyara ɗakin baƙi, ta sa sabon labule, ta sauke shi tare da kawunsa Des, dattijon da ke ɗaukar masa jakar sanduna. Kawu Des tun kafin a haife ni yake wannan aikin, amma sai ga Mama da kofin shayi a hannu tana koya masa yadda ake karanta iska, don ta ji a talabijin.

"Ke wai me kike jira?" Kullum tambayar ke nan in muna wanke-wanke. "Ƙasa gaba ɗaya ta ce ta yarda da yaron nan, ke kaɗai kike jan aji."

"Mama, ai bai tambaye ni komai ba."

"To ki riƙa yin fuskar wadda ake tambaya mana! Kullum kin haɗe rai kamar mai karɓar haraji."

Ana saura kwanaki a fara gasar sai ga Prue a falonmu. Ita ce mai gabatar da shirin gidan talabijin ɗin nan, mace mai haƙora farare tas da muryar da za ta iya sa mutum kuka a kan farashin tumatir. Ta zo da kamara da fitilu, ta sa aka juya mana kujeru. Idonta ya sauka a kan 'yar sandar da ke rataye a bangon falo. Sandar golf ɗin Babana ce, ya yanke ta ya gajarce ta lokacin ina ƙarama don in riƙa bugawa a bayan gida. Ya naɗe mariƙinta da tef ruwan hoda, ya rubuta TEGAN a jiki da hannunsa. Tsawonta bai fi hannun tsintsiya ba.

Prue ta ciro ta, ta rungume a ƙirji. "Wayyo Mama Noreen! Ki duba fa, albarkar uba. Da wannan za ta raka Yarima ranar Lahadi, ai da ƙasar nan ta yi kuka."

Ta mayar da ita ta wuce wata maganar. Na ga idon Mama ya ciko, na ɗauka tuna Baba ta yi, ban kawo komai a raina ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani. A golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke ci, kuma ba a yarda ɗan wasa ya fita da sanda fiye da goma sha huɗu ba. Wannan tun ina kan cinyar Baba na sani. Shi ya sa kowace safiya Kawu Des yake tsayawa a ɗakin wankinmu, inda suke ajiye jakar, ya bi kawunan sandunan da yatsa yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai ƙirga kaji. Mama har dariya take yi masa, wai tsoro yake kada mu sace guda.

Aka fara. Hamish ya yi wasa kamar ba shi ba. Zuwa yammacin Asabar yana gaba da bugu uku, saura wunin Lahadi kawai. Mu mun riga su dawowa gida. Mama tana kicin tana kaɗa farin ƙwai za ta yi kek ɗin nan pavlova, ni ina yanka mata 'ya'yan itacen kiwi, ƙaramar talabijin tana kan firji tana surutu. Sai ga fuskar Prue ta cika allon, ta rage murya kamar mai gulma.

"Masu kallo, ku matso kusa. Mun samu labarin akwai wani ƙaramin akwati a aljihun Kawu Des. Gobe a rami na ƙarshe ba kofi kaɗai Yarima zai ɗauka ba. Tegan, in kina jin mu, ki gyara farce!"

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na tsaya baki buɗe ina kallon firji. Ni? Aurena? A talabijin nake jin labarin aurena, tare da mai gyaran famfo?

Mama ta saki ihu, ta rungume ni da farin ƙwai a hannu. Wayata kuwa ta fara rawa a kan tebur kamar za ta faɗo.

"ƘAWATA!!! Shi ne ko ki gaya mini?"

"Malama Tegan, ina taya ki murna. Uwar Ollie ce."

"Wace riga za ki sa? Kada ki sa shuɗiyar nan don Allah."

"Ki yi kuka kaɗan amma kada kwalli ya zuba."

Ko daga Hamish babu ɗaya.

Yana shigowa na ja hannunsa zuwa ɗakin wanki, don nan ne kaɗai babu talabijin a gidanmu. Ƙofar ɗakin irin mai zamewa gefe ce, sakatarta ta lalace tun Baba yana da rai, in ka rufe sai ta sulale da kanta ta buɗe. Na rufe, ta buɗe. Na ƙyale ta.

"Zobe?" na ce. "A talabijin zan ji?"

"Tegan, tsaya ki ji."

"Ai na ji. Ni da mutum miliyan nawa muka ji tare."

Ya sosa ƙeya, kunnuwansa sun yi ja. "Tun lokacin sanyi na saya, kafin duk wannan haukan. Na ba Kawu ajiya. Jiya yana neman hankici ya zaro shi a gaban Prue."

"Sai ka ce mata ta sanar wa duniya."

"Ban ce mata eh ba."

"Ka ce mata a'a?"

Ya kau da kai yana kallon injin wanki. Nan raina ya ƙara ɓaci, don na san halinsa. Hamish ko sauro ne ya cije shi sai ya ba shi haƙuri.

"Gaya mini gaskiya," na ce. "Ni kake so, ko budurwar Yarima? Don ni ban san ko da kanka za ka durƙusa ba, ko sai an ɗaga maka hannu daga bayan kamara. To bari ka ji. Da a durƙusa mini a gaban 'yan kallo, gara ka faɗi gobe. Allah ya sa ka faɗi!"

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya raɓa ta gefena ya fita. A bakin ƙofa kuwa ga Mama tsaye da ludayi, fuskarta ta yi fari fat.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" ta ce. "Yaro zai fita gobe ki yi masa baki? Ke wace irin 'ya ce?"

"Mama, ki bar ni."

"Zan bar ki. Amma ba zan bar bakin nan naki ya bi shi fili ba."

Na ɗauka addu'a take nufi.

Lahadi ta waye da zafi, iska mai ɗumi tana kaɗawa, ƙudaje sun addabi kowa. Mama ta shimfiɗa mini rigar da ta saya a ɓoye, doguwa ruwan ɗorawa mai ɗamara, da malafa mai faɗi, da takalmi mai tsini. Na ce ba zan sa ba, ta fara hawaye, na sa. Takalmin nan duk taku sai ya nutse a ciyawa. Da safe na ji Kawu Des yana ƙirgarsa a ɗakin wanki, ya kai goma sha huɗu ya tsaya. Hamish bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Filin ya cika maƙil. Ko'ina kambin takarda ne ke ƙyalli, a kan tsofaffi, a kan jarirai. Masu riƙe allon da ke cewa a yi shiru sun gaji da ɗaga hannu, don rabin mutanen ba su taɓa zuwa kallon golf ba, ihu suke kamar a gidan dambe. In Hamish ya yi bugu mai kyau amma ƙwallo ba ta shiga ba, sai ka ji tsaki. Wani mai jan wuya a bayana ya ce, "Wai shi ba zai sake irin ta bayan bishiyar nan ba? Ita fa na zo gani." Duk da haka Hamish ya riƙe tazararsa ta bugu uku har rami na goma sha uku.

Kun dai san garinmu. Ana cikin zafin nan sai iska ta juyo daga teku, gari ya yi baƙi, sanyi ya sauko, yayyafi ya fara. Muna tsaye a bakin igiya daf da su, don Prue ta sa an ba mu wuri a gaba inda kamara za ta same ni. Kawu Des ya ajiye jaka, ya zuge dogon aljihun gefe zai ciro wa Hamish rigar ruwa. Ya jawo rigar, sai wani abu ya biyo ta ya faɗo a kan ciyawa.

'Yar sanda ce, mariƙinta naɗe da tef ruwan hoda.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ga Kawu Des ya ɗora hannu biyu a ka, dattijon da ban taɓa ganin ya razana ba. Hamish ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya tak. Ya juya ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa da kansa.

Sai na ji an zungure ni da gwiwar hannu. Mama ce, fuskarta fal murmushi, idonta yana ƙyalli.

"Kin gani?" ta raɗa mini. "Ni na saka da safe, bayan Des ya gama ƙirge-ƙirgensa ya tafi shan shayi. Albarkar Babanki ta kashe bakinki. Duba, kamara tana ɗauka!"

"Mama..." Na riƙo hannunta. "Mama, goma sha huɗu ne. Ba a wuce goma sha huɗu."

"Ke tafi can. Ai wannan ta yara ce. Wa zai yi bugu da ita?"

"Sanda sanda ce, Mama."

"To Prue ai ita ta ce..."

Ba ta ƙarasa ba, don a lokacin aka sauya lambobin babban allo. An ƙara wa Hamish bugu huɗu. Wanda yake gaba da uku ya koma baya da ɗaya. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa a kan lema. Na ga murmushin Mama yana narkewa a hankali, ta kama hannuna ta matse har farcenta ya shige ni. Garin neman gira an rasa ido, kuma ita ce ta fi kowa son yaron nan ya ci.

Ana wata ga wata. Mai kamara ya durƙusa ya haska sandar, sai ga rubutun Babana ɓaro-ɓaro a babban allon da ke gefen fili, kowane harafi ya kai tsawon mutum: TEGAN. Daga nan allon ya nuno ni, da malafata da ta jiƙe ta lanƙwashe.

"Ga ta can! Mai ruwan ɗorawa!" in ji mai jan wuya.

"Kin kyauta, amarya!"

"A fitar da ita mana!"

Mutanen da jiya suke ce mini in gyara farce. Na tsaya ƙiƙam, ruwa yana bin bayana, na kasa ko motsa ƙafa, don takalmin ma ya kafe a laka.

Hamish bai sake kallon kowa ba. Ya sa rigar ruwansa ya ci gaba, kuma ko Kawu Des ya ce bai taɓa ganin ya yi wasa kamar na ramukan nan na ƙarshe ba. A rami na ƙarshe bugu ɗaya ya rage masa, in ta shiga ya kamo na gaba. Ƙwallon ta gangara, ta kai bakin rami, ta zagaye shi kamar za ta faɗa, ta fito ta tsaya. Wani baƙo ya ɗauki kofi. Hamish ya zo na biyu, matsayin da bai taɓa kaiwa ba a babbar gasa tun da aka haife shi, amma da kun ga filin sai ku rantse gawa aka fitar. Mutane suka riƙa cire kambi suna jefarwa a laka suna takawa.

Prue ta tare shi da makirufo tun bai cire hula ba. Muryar kukan nan ta tafi, ta sauya wata mai kaifi.

"Hamish, ƙasa tana son ta sani. Wa ya yi mana wannan? Mun ga suna a jikin sandar."

Na rufe ido.

"Ni na saka," na ji ya ce. "Na so ta kawo mini sa'a, na manta ban cire ba. Laifina ne ni kaɗai. Kada wanda ya taɓa kawuna, kada wanda ya taɓa Tegan."

"To zoben fa?"

"Ruwa ake yi, Prue. Ki je ki fake."

Kafin mu isa gida labari ya juya. Shirin da ya naɗa shi Yarima shi ne yanzu yake tambaya ko dama can an zuzuta shi ne fiye da ƙima, kamar wasu ne suka zuzuta. Wayata ta cika da hotonsa an sa masa hular 'yan raino, an rubuta "Yariman da bai iya ƙirga ba". Masu sharhi uku suka zauna suna gyaɗa kai, kowa yana cewa shi dama ya faɗa. Na kashe talabijin ɗin kan firji, na zare wayarta daga bango. Pavlova tana kan tebur ba wanda ya taɓa. Mama ta shige ɗakinta ta rufe, ko takalmi ba ta cire ba.

Ruwa ya ɗauke, rana ta sake fitowa kamar ba ita ba. Ina zaune a kicin da jiƙaƙƙiyar riga sai saƙo ya shigo.

"Ina lungun baya. Buɗe mini ƙofar bayan ɗakin wanki."

Ya shigo gashinsa a jiƙe, laka har gwiwa, 'yar sandar a hannunsa. Ya miƙo mini.

"Ga kayanki."

Na karɓa.

"Kin ce gara in faɗi," ya ce a hankali. "To na faɗi."

Sai da maganar ta zagaya kaina sannan na gane. "Tsaya. Hamish, kana nufin ka ɗauka ni na saka?"

"Sunanki ne a jiki. Kin san doka, Babanki ya koya miki. Kuma jiya kin gaya mini da bakinki."

"Ka ɗauka da gangan na kayar da kai, kuma ka tsaya a gaban duniya ka ce kai ne?"

"To me zan ce? In miƙa musu ke su cinye?"

"Kuma ka zo nan?"

Ya zauna a kan kwandon wanki, ya share fuska da tafin hannu. "Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Rami biyu na yi ina tafasa. Daga baya na ce, in har yarinyar nan ta kai ga yin haka, to ni na kai ta bango. Kalma ɗaya ce zan gaya wa Prue, na kasa. Kin tambaye ni jiya wa nake so, na tsaya ina kallon inji kamar sakarai."

Nan hawayen da na riƙe tun a fili suka ɓalle. Wata guda ina tambayar kaina ko mutumin nan nawa ne ko na talabijin, ga amsa zaune a kan kwandon wankinmu, ya rasa kofi, ƙasa tana yi masa dariya, yana zaton ni na jawo, kuma ya biyo lungu ya zo.

"Ba ni ba ce," na ce. "Mama ce. Wai albarkar Baba ta saka maka, don ta kashe bakina."

Ya zaro ido. "Mama? Maman da take koya wa Kawu karanta iska?"

Na gyaɗa kai. Sai ya fashe da wata irin dariya, har kwandon ya karkace, hawaye yana zubo masa, ni ma ina kuka ina dariya. Da ya lafa sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙaramin akwatin. Kwalinsa ya jiƙe.

"Ba kofi, ba kambi," ya ce. "Motar ma ta ƙi tashi a lungu."

Ya fara sauke gwiwa ke nan, ƙofar nan mara sakata ta sulale ta buɗe. Mama ce. Idonta ya kumbura, amma ta sake riga, ta gyara gashi, ta sa jan baki.

"Ba zan bar yaro ya ɗauki laifina ba," ta ce tana shessheƙa. "Na kira Prue. Suna hanya da kamara. Zan faɗa wa ƙasa gaskiya, in roƙi gafarar Hamish."

Na saki baki. "Mama, ga Hamish ɗin a gabanki! Ki roƙe shi mana!"

Ta dube shi, ta ga gwiwa, ta ga akwati, sai idonta ya sake yin ƙyallin nan da na fara tsoro.

"Ai shi ma zai gani a talabijin," ta ce. "Ɗana, tsaya a haka, kada ka motsa. Yanzu za su iso."

Kafin in ce wani abu aka danna ƙararrawar ƙofar gida, sau biyu, sau uku. Na ji muryar Prue tana kiran "Mama Noreen!" da muryar kukan nan tata, ta dawo da ita. Mama ta juya da sauri ta nufi falo. Hamish ya dube ni, fuskarsa ta yi fari, gwiwa ɗaya a ƙasa.

Na ja ƙofar na rufe. Ta fara sulalewa. Na dubi hannuna, ga 'yar sandar Babana. Na durƙusa na cusa ta a hanyar da ƙofar ke zamewa, ta zauna daram kamar don wurin ya yanke ta. Na murɗa makullin ƙofar lungu. Takun mutane ya cika kicin, hasken fitila ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, wani ya ja, ƙofar ta ƙi.

Na zauna a ƙasa daidai fuskarsa, tsakanin injin wanki da bokiti, na cire malafar na jefar.

"Daga ni sai kai," na ce. "Yi sauri ka tambaye ni, kafin su ɓalle ta."